Abin da ya sa ake bin tsohuwar Starcaster

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mutane ke haƙilon neman Fender Starcaster ta shekarun 1970, jitar da kamfanin da kansa ya daina yi don ba ta samu kasuwa ba, kuma ko sabuwar da aka sake fitarwa za ta wadatar da kai. Na daɗe ina riƙe da tsohuwar, na kuma kaɗa sabuwar sau da yawa, don haka bari in faɗa maka abin da hannuna da kunnena suka shaida.

Ka fara sanin yadda aka yi ta zo duniya. A 1976 aka fitar da ita, lokacin Fender na hannun kamfanin CBS, kuma Gene Fields ne ya tsara ta. Manufar a fili take: a ƙwaci kasuwa daga ES-335, jitar kamfanin Gibson, wadda tun 1958 take sarautar jitoci masu kogo a ciki. To, sai ta faɗa tsakiya. Masoya Gibson suka ga wuyan da aka ɗaure da noti, suka ce wannan ba tasu ba ce, domin tasu manne wuyan ake yi da jiki. Masoya Fender kuma suka ga faffaɗan jiki mai kogo da kai mai lanƙwasa, suka koma ga Stratocaster ɗinsu, jitar Fender da suka saba da ita. Zuwa farkon shekarun 1980 an tsayar da ita.

Abin da aka ƙi ta dominsa, shi ne nake son ta dominsa. Tsawon tsirkiyarta inci 25.5 ne irin na Fender, na Gibson kuwa 24.75. Bambancin kamar ba komai, amma a yatsa za ka ji shi: tsirkiyar ta fi ɗamewa, sautin ya fi fita tsaf, ga kuma wuyan itacen mapul da ke ƙara masa kaifi. Sai kogon jikin ya zo ya ba shi iska da taushi. Ranar da na fara jona ta, amfilifaya na sa ba tare da wani ƙari ba, na ja tsirkiyoyi shida a sake. Na ƙasa suka fito da kauri amma ba su dagule ba, na sama suka yi ta ringi kamar ƙararrawa, kuma ina jin katakon yana rawa a haƙarƙarina. Na daɗe zaune ban ma kama wata waƙa ba, ina dai maimaita wannan ja ɗin ina saurare.

Amma zuciyar lamarin tana cikin na'urorin ɗaukar sautin nan biyu, waɗanda ake kira Wide Range. Seth Lover ne ya ƙera su, mutumin da tun a shekarun 1950 ya yi wa Gibson maɗaukin sauti mai kashe ƙugin lantarki, kafin ya koma Fender a 1967. A nasa na Fender, sukurorin da kake gani a sama su ne maganaɗisun da kansu, an yi su da haɗin tagulla da nikel da ƙarfe, wanda ake kira CuNiFe. Wannan haɗin yana yankuwa har a yi masa zare kamar sukuru, abin da sauran maganaɗisun jita ba sa yi. Shi ya sa kowace tsirkiya ke fita da muryarta daban, ko ka danne huɗu ko biyar lokaci guda. Shekaru da dama bayan an daina yin su, waɗanda aka riƙa sa wa sababbin jitoci kamanni kawai suka ɗauka, a ciki sandar maganaɗisu ce ta yau da kullum. Sai a 2020 Fender ya dawo da CuNiFe.

Ga kuma wani abu da ba a cika ambata ba. Tsohuwar tana da maɓallan murɗawa biyar: kowane maɗauki da na ƙarfin sautinsa da na launinsa, sannan babba guda mai juya duka. Nakan daidaita haɗin biyun yadda nake so tun kafin a fara, daga nan da wancan gudan kawai nake ɗagawa ina saukewa, haɗin bai taɓu ba. Wadda aka sake fitarwa a 2013 huɗu take da su, gadarta ma, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa a jikin jitar, daban ce. Jita ce mai kyau, wallahi ban raina ta ba, kuma wanda siffar ce ta burge shi zai ji daɗinta. Muryar dai ba ɗaya ba ce.

Gaskiya ne ganin ta a hannun Jonny Greenwood, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙa ta Radiohead, ya tayar da ita daga barci, farashi ya bi. Haka aka yi da Jaguar, wata jitar Fender da aka daina yi a 1975, ta zama ta masu ƙaramin ƙarfi, har mawaƙi Kurt Cobain ya sa aka koma nemanta. Ni dai ƙarancin jita bai taɓa sa ni sonta ba. Akwai waɗanda aka daina yi kuma ba a yi asarar komai ba.

In ka samu tsohuwar, kar zumuɗi ya ɗebe ka. Wadda na fara zuwa dubawa, mai ita ya ce komai na asali ne, da muka kwance murfin sai ga maɗaukin wajen gada an musanya shi. Na bar ta ina jin zafi, amma ban yi nadama ba. Ka sa a buɗe a gabanka. Ka duba mahaɗar wuya, noti uku ne ke riƙe da shi, kuma bayan shekara kusan hamsin ramukan kan saki in an sha kwancewa. Riƙe jikin, ka ɗan girgiza wuyan a hankali, in ya motsa ka san akwai gyara a gabanka. Sannan ka ɗaga amfilifaya sosai ka tsaya kusa da ita, domin mai kogo takan yi kuka in ƙara ta yi yawa, gara ka san iyakarta tun kafin ka biya.