Amsar tambayarki kan waƙoƙin tele

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin ce duk sa'ad da Arewa24 ta sako waƙoƙi sai surukinki ya ɗauki butarsa ya fita, kina tambaya ko al'adarmu ce ta hana kiɗa, ko kuwa ke kika yi wani laifi.

Ba ki yi laifi ba, kuma Maraɗi ba ta taɓa ƙin kiɗa ba. Sarkin Katsinar Maraɗi yana da tamburansa, haka Sarkin Gobir a Tibiri. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma ranar gayya, 'yan kokowa da makaɗansu, mata na kiɗan ƙwarya cikin gida ranar suna ko buki, 'yan mata na gaɗa a dandali da farin wata. Sai dai kowane kiɗa yana da masu shi da wurinsa da lokacinsa. Dattijo ba ya zuwa dandali. In hanya ta bi da shi can, 'yan mata su tsagaita, shi kuma ya kau da kai har ya wuce. Uba ba ya jin waƙar da ɗiyarsa take yi wa saurayi, ko da ya san ana yi.

Da Télé Sahel, tashar telen gwamnatin Nijar, ta fara a 1979, zamanin Seyni Kountché, abin bai taɓa wannan tsari ba. Akwatin tele yana gidan Samariya, wato ƙungiyar matasa ta lokacin, a ƙauyuka wasu da hasken rana suke aiki, kuma sai da dare ake buɗe tasha. Kiɗan gargajiya ne da waƙoƙin samariya, kowa na iya zama ya kalla.

Bayan 1990 kaset ɗin finafinan Kano ya riƙa shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, ga namiji da mace suna rawa irin ta Indiya. Sai farabol, wato farantin kama tashoshin tauraron ɗan Adam. Tashar waƙoƙi ta MCM Africa ta fara a 1994, a 2003 ta koma Trace, dare da rana kiɗan Kwango da Abijan. Amma masu hali ne suke da ita, kuma tsoho ba ya jin Lingala, ko Faransancin ma kaɗan ne ke ji. Ido kawai zai kawar.

Arewa24 ta zo a 2014 da Hausa zalla, kyauta a tauraron ɗan Adam, da shirin Zafafa Goma da ire-irensa. Ni ina yaba mata ƙwarai. Yaranmu suna ganin harshensu a tele, kuma mawaƙi yaro da ba shi da ubangida yana samun masu sauraro daga Kano har Zinder. Sai dai yanzu kunne na fahimtar kowace kalma. Yaro na faɗa wa yarinya abin da ke ransa da Hausar da babu lulluɓi, ga surukinki zaune, ga matar ɗansa na miƙo masa ruwa. Dandali ne ya shigo masa tsakar gida, shi ya sa yake kau da kai kamar yadda ya ga iyayensa na yi. Kunyarki yake ji, kuma girmama ki ne.

Kada ki tambaye shi, kada ki ba shi haƙuri da baki, nauyi za ki ƙara masa. In kin ji sallamarsa, mayar da tashar wajen labaru ko ki rage murya kafin ya zauna. Waƙoƙinki ki kalla a ɗakinki, ko da rana in mata sun taru, ba wanda ya hana ki. Mijinki ma ki faɗa masa a asirce, don shi ya fi cancanta ya lura da wannan tun farko. Ki gaida shi, ki gaida innarki.