Tambaya da Amsa: Da wace waƙa zan gane bambancin MP3 da WAV?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo nan Mabera cikin garin Sakkwato, muna ɗaukar waƙoƙin bege da na biki. Gardama munka yi da abokin aikina, shi yac ce MP3 da WAV duk ɗaya na ga kunne, cika memori ne kawai, ni ko nac ce akwai bambanci. Mun sa tsohuwar waƙar Narambaɗa mun saurari duka biyun amma wallahi ban ji komi ba. Don Allah wace irin waƙa ta kamata mu gwada da ita? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na ji daɗin tambayar nan sosai. Kunnenka lafiya lau yake, zaɓin waƙar ne bai yi daidai da gwajin ba. Waƙoƙin tsofaffin makaɗan nan namu a tef aka ɗauke su, aka juye a kaset, kaset ya sha rana da ƙura, daga baya wani ya mayar MP3, ta bi hannun masu turi a kasuwa daga wannan waya zuwa waccan, toh kafin ta iso gare ka siraran sautukan da za ka ji bambanci a cikinsu duk sun riga sun tafi. Kuma in MP3 ɗin kuka ɗauka kuka mayar WAV a kwamfuta, abu ɗaya kuka saurara sau biyu, kamar ka juye ruwan moɗa cikin randa ne, randar ta fi girma amma ruwan bai ƙaru ba.

Bari in ɗan faɗi abin da MP3 ke yi don ka san inda za ka tare shi. WAV mai ingancin faifan CD yana cin kilobit 1411 a daƙiƙa, wajen mega 10 kenan a minti ɗaya, shi kuwa MP3 na kilobit 128 mega ɗaya ya ishe shi. Ragowar ina ta je? Zubarwa ya yi. Yana zubar da sautin da wani babban sauti ya danne, kamar dai janareto na ruri a bakin shago wani ya yi maka raɗa, ko ya yi ko bai yi ba ba ka ji ba. Saboda haka abin da kake nema shi ne sautin da ba shi da wurin ɓuya.

Na farko da zan ce ka nema shi ne tafi. Tara 'yan amshi huɗu ko biyar su yi ta tafawa ba kiɗa ba komai, in ka matse shi zuwa MP3 mai ƙarancin kilobit za ka ji tafin ya daina fita ɗaya-ɗaya, ya koma wani shuu kamar ana suya a kasko. Sai bugu mai kaifi, irin kiɗan ƙwarya da 'yan sanduna, ko sanda a kan kalangu. A nan ka kasa kunne da kyau daidai gab da bugun, a MP3 wani ɗan huci yana riga bugun fitowa, sai bakin bugun ya dakushe, a WAV kuwa shiru ne sannan ƙwas! Dalili shi ne MP3 gunduwa-gunduwa yake sarrafa sauti, dattin da ya haifar sai ya bazu cikin gunduwar har ya taɓa shirun da ke gaban bugun. Duk abin da ke kacau-kacau shi ma yana tona masa asiri.

Sai murya ita kaɗai, kuma wannan ita na fi so. Lokacin da ake ƙera MP3 a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, injiniya Karlheinz Brandenburg da muryar wata mawaƙiyar Amurka Suzanne Vega ya riƙa gwaji, waƙa ce ba kiɗa ko ɗaya, kuma ta ba su wahala don na'urar tasu ɓata muryar take yi, ya yi ta maimaita sauraro yana gyara. Mu a Sakkwato ai ba mu rasa irin wannan ba, ga waƙoƙin wa'azi da na bege da ake rerawa da baki zalla. Sa mai murya ya rera maka baiti biyu a tsanake, ka bi haruffan s da sh da ts, ka bi jan numfashinsa, ka kuma bi yadda amon ɗaki ke mutuwa bayan ya yi shiru. Waƙar fiyano ta zamani wadda aka cika da kiɗa aka ƙure mata ƙara gaskiya ba da ita zan fara ba, hayaniyar kan rufe maka abin da kake farauta.

Tunda kana da situdiyo kai ka ma huta, ɗauki abinka da kanka a WAV, ka yanki daƙiƙa 15 zuwa 20 kawai don kunne mantuwa gare shi, daga wannan WAV ɗin ka fitar da MP3 na 96 da 128 da 320. Ƙarar ta zama daidai wa daida, domin wanda ya ɗan fi ƙara ko yaya ne shi kunne zai ce ya fi daɗi. Kada ka san wanne ake sa maka, wani na uku ya riƙa kunnawa ka ba shi baya, ko ka sa foobar2000, manhajar sauraron waƙa ta kwamfuta, akwai ƙarin ABX da ake ɗora masa wanda ke ɓoye maka wanne yake kunnawa don wannan aikin, a yi sau 16, in ka ci 12 ko fiye toh da alama ji kake ba canka ba. Hedfon mai waya za ka sa, banda bulutut don shi ma sake matse sautin yake yi. Kuma ka bari sai dare ya yi, a kashe fanka da janareto, na san zafin garin nan amma ka daure na minti goma.

Abin da nake tsammani, a 96 za ka kama shi ba wuya, a 128 tafi da ƙwarya za su taimake ka, a 320 kuwa da wuya ƙwarai, nan abokinka na da tasa gaskiyar. Amma aikinku na asali don Allah ku ajiye shi a WAV, ko FLAC da ke rage girma wajen rabi ba tare da ya zubar da komai ba, saboda duk sanda aka gyara MP3 aka sake matse shi sai ya ƙara asara. Mai biki a ba shi MP3 ɗinsa, ku ku riƙe uwar a kwamfuta.