Abin da ya sa na hana ka ɗaura jantin nan

Ɗana, ajiye kilen nan ka jawo benci ka zauna. Tun da safe na ga ranka bai so ba, sa'ad da malamin makarantar nan ya kawo Corolla tasa da janti huɗu masu ƙyalli da ya sayo a Ƙonni, ka riga ka ɗaga motar a kirik, na ce ka sauke. Bayan ya tafi ka tambaye ni: "Maigida, rami huɗu gare su, motar ma ƙusa huɗu gare ta, na gwada ɗaya ya shiga, to me ya hana?" Tambaya ce mai kyau, kuma na ji daɗi da ka yi ta, domin yaron da ba ya tambaya hannunsa kawai ke koyon aiki, kansa ba ya koya.

Shiga daban, zama daban. Kama da wane ba ta wane. Janti, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira rim, sai ya dace da mota a wurare huɗu kafin in yarda a ɗaura shi, kai kuwa wuri ɗaya ka duba, shi ma da ido.

Ramukan da ka ƙirga, ba yawansu kaɗai ake nema ba, har da faɗin da'irar da suke zaune a kanta. Wannan Corolla ta wajen 1998 tana da rami 4 a kan da'irar milimita 100. Peugeot 405 da 406 su ma rami 4 gare su, amma da'irarsu 108 ce. Tsohuwar 504 kuwa 140. Waɗannan ba su da haɗari sosai, tun da ko ka so ba za su shiga ba. Mai haɗarin shi ne wanda ya kusa. Fiat na da 4 a kan 98, bambancinsa da na Toyota milimita 2 ne kacal, zai shiga, notin zai kama, amma kowace ƙusa a karkace za ta zauna, tana lanƙwasa a kowane juyi har ranar da za ta ɓalle. Haka yake a masu rami 5: Mercedes 190 tana da 112, Camry tana da 114.3, ido ba ya raba su. Idan rami 4 ne, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Idan 5 ne, auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta ka ninka da 1.7. Jantin malam ya ci wannan jarrabawa, 100 ne daidai. A nan ka yi gaskiya.

To je ka ɗauko ɗaya ka kife shi. Ka ga babban ramin tsakiya? Sa ma'aunin ƙarfe a ciki. Ya ba ka 73. Cibiyar ƙafar Corolla, wancan ɗan tudun da ke fitowa a tsakiyar ƙusoshi, 54.1 ce. Jantin da mota ta zo da shi daga kamfani yana rungumar wannan cibiya tsam, ita ce ke tsayar da shi a tsakiya kafin noti ya matse. Masu ƙera jantin kasuwa suna buɗa ramin da gangan don ya hau motoci iri-iri, Golf mai 57.1, Honda mai 56.1, Renault mai 60.1, sai su haɗa da zoben roba ko na alminiyam da ke cike gurbin. Su wannan zoben ne ke ɓacewa tun kafin kaya su baro Kwatano ko Lome su iso mana. Ba zobe, kana ɗaure jantin ne a rataye, ya ɗan sauka gefe guda da abin da bai kai kaurin farce ba, kuma wannan kaɗai ya isa sitiyari ya riƙa rawa a hannun direba da zarar gudu ya wuce kilomita 80 a awa. Sai ya kai wa mai injin dalma a daidaita masa, a karɓi kuɗinsa, rawar ba ta tafi ba, don ba nauyi ne ya karkata ba, zaman ne. Maganin ba shi da wuya: mai injin yankan ƙarfe zai fitar maka da zobe huɗu, waje 73.1, ciki 54.1. Idan kuma ramin jantin ne ya fi cibiya ƙanƙanta, kada ka taɓa barin wani ya ɗauko zarto ya ce zai buɗa shi da hannu.

Yanzu duba bayan sandunan jantin, akwai rubutu. Karanta mini. 7J, 17, sai ET25. 7 faɗin jantin ne, 17 girman da'irarsa, duka a inci. Wannan ET ɗin shi ne abin da yawancin masu sayarwa ba su ma san da shi ba, kuma shi ne ya sa na ce ka sauke motar. Kalma ce ta Jamusanci aka taƙaita, tana faɗa maka nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin janti da fuskar da ke manne wa ƙafar mota. Lamba babba, janti ya shige ciki. Lamba ƙarama, ya fito waje. Na asalin motar nan faɗinsa inci 5 da rabi ne, ET ɗinsa 45. Mu yi lissafi tare. Sabon ya fi shi faɗi da inci 1 da rabi, milimita 38 ke nan, rabi ciki rabi waje, waje ya samu 19. ET ya sauka daga 45 zuwa 25, wannan ya sake turo shi waje da 20. Ka haɗa, 39. Kusan santimita 4 ke nan bakin taya zai fito, kaurin yatsu biyu.

A kan kirik ba za ka ga komai ba, tun da ƙafar a sake take tana lilo. Amma motar nan ta haura shekara 25, ƙarfen da ke ɗauke da bayanta ya gaji, ta riga ta zauna. Ka tuna yadda malam ke tafiya ƙauye da hutu: mutum biyar a ciki, buhun hatsi biyu a baya. Ramin farko da zai faɗa, bakin ƙarfen da ke saman taya zai sauko ya yanki gefen robar kamar wuƙa. Bayan wannan kuma, duk sa'ad da ka fitar da taya waje, ka ƙara wa rulma, wato boris, nauyin da ba a yi ta dominsa ba, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa hannu a miƙe nesa da jikinsa. Za ta fara kuka da wuri. Sitiyarin ma zai riƙa fizgar hannu a kan gargada. Ni dai a tsohuwar mota ba na son ET ya kauce wa na asali da fiye da milimita 5 zuwa 7, kuma ko hakan sai na sauke ta ƙasa, na sa mutane sun zauna a baya, na murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama ina leƙawa, na kuma tabbatar cikin jantin bai goga kan birki ba.

Na huɗun shi ne noti, kuma a kan wannan ina da tabo a zuciya. Ina da 'yan shekaru kaɗan da buɗe garejina aka kawo mini Mercedes 190 da jantin kasuwa. Ita Mercedes ba noti take amfani da shi ba, ƙusa ce mai kai ake murɗawa cikin ƙafa, kuma ƙarƙashin kan a zagaye yake kamar rabin ƙwallo. Ramukan sabon jantin kuwa a gangare suke kamar bakin mazurari. Na ɗaure da tsofaffin ƙusoshin, na matse iya ƙarfina, na ji sun kama. Ashe ƙwallo a cikin mazurari a siririn layi ɗaya kawai yake taɓawa, alminiyam kuma ƙarfe ne mai taushi, layin ya lotsa, ƙusoshin suka sake. Mutumin bai wuce Badagishiri ba ya ji ƙafar baya tana buga masa, ya tsaya, ya tarar biyu sun fita, uku suna wasa. Iyalinsa na cikin motar. Allah ne ya kiyaye, kuma tun daga ranar ban sake ɗaure janti ba sai na sa yatsa cikin ramin na ji siffarsa. Iri uku ne: mazurari, ƙwallo, da shimfiɗaɗɗe mai washa, wato ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashin noti, irin wanda Toyota ke sa wa jantin alminiyam nata na kamfani. Kowane rami da notinsa. Haƙoran ma sun bambanta, na Toyota 12 ne da tazarar 1.5, na Peugeot 12 da 1.25, idan ka tilasta ɗaya a kan ɗaya ka cinye haƙoran.

Ka kuma ƙirga juyi. Alminiyam ya fi ƙarfe kauri, yana cinye tsawon ƙusa. Daga inda noti ya fara kamawa zuwa inda ya tsaya, ina son juyi 8, wato ya ci milimita 12, daidai kaurin ƙusar kanta. Ka samu 4 ko 5, cire. A Mercedes kuma akwai kishiyar wannan: ƙusa mai tsawo fiye da kima tana zarcewa ciki a ƙafar baya ta taɓa kayan birkin hannu.

Duk waɗannan ana iya gyara wasu, a yanka zobe, a sayi noti. Abin da ba ya gyaruwa shi ne girman 17 ɗin kansa. Tayar motar nan 175/65 R14 ce. Lambar tsakiya tana nufin tsayin gefen roba kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, kusan milimita 114 na roba da iska tsakanin janti da ƙasa. Dole tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya kusa da yadda yake, wajen milimita 583, in ba haka ba agogon gudu ya yi ƙarya, mota ta yi nauyin tashi. Saboda haka duk abin da janti ya ƙara, daga roba ake cire shi. A kan 17 sai dai ka sa irin 205/40, gefenta milimita 82 ne. An yi wannan don titunan Turai masu santsi. Mu kuwa ka san hanyar Tsarnawa bayan damina, ka san ta Keita, ka san abin da manyan motoci suka yi wa hanyar Agadas. Robar nan da ka rage ita ce ke shan dukan rami a madadin mota. Babu ita, dukan ya tafi kai tsaye ga janti, ga rulma, ga ƙashin bayan direba. Jantin ƙarfe idan ya lanƙwashe, mu sa guduma mu miƙe shi, mutum ya ci gaba da tafiya. Na alminiyam tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda ba na ɗaura shi a gaba ko an roƙe ni. Sannan ka yi tunanin malam ya fasa taya a Abalak ko Buza: 14 zai samu a wurin kowane mai faci, 205/40 R17 fa, sai ya aika Yamai ya kwana yana jira.

Ba na ƙin ado. Mutum ya sha wahala ya sayi motarsa, yana da haƙƙin ya so ta yi kyau, kuma kada ka taɓa yi wa mai mota dariya a kan wannan. Abin da na faɗa masa shi ne ya mayar da waɗannan ya karɓo 15, faɗin inci 6, ET tsakanin 40 da 45, mu sa masa 185/55 R15. Tsayinta 584 da ɗoriya, kusan daidai da na asali, gefenta ya haura milimita 100. Ya samu ƙyallinsa, motar ba ta cutu ba. Na ce masa ya duba bayan jantin ko akwai tambarin JWL na Japan ko lambar KBA ta Jamus, ya bi bakin ciki da yatsa yana neman tsaga ko alamar walda da aka rufe da fenti. Tayar ma ya karanta lambobi huɗun da ke ƙarshen layin DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tsohuwar roba, ko zanenta na nan, ba ta jure kwaltarmu a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Idan ya kawo su, kai za ka ɗaura, ni ina tsaye. Ka fara goge fuskar ƙafar da burushin waya har tsatsa da yashi su fita, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya a tsakani ta isa ta karkatar da janti. Kada ka shafa wa haƙoran ƙusa man giris. Kowane noti ka fara shi da yatsunka, ka matse su a gicciye, wannan sai na fuskarsa, ba a jere ba. Sai ka sauke motar ka ɗauko kile mai awo, ka sa shi a 103 na ma'aunin ƙarfin matsi (Nm), abin da Toyota ta rubuta wa motar ke nan, ka ja har ya yi ƙas sau ɗaya ka tsaya. Wannan ɗabi'a ta zura bututu a kile a hau da ƙafa, da kake gani a tasha, ita ke miƙar da ƙusa har ta tsinke wata rana a kan hanya. Tayar ajiya ta ƙarfe ta zauna a bayan mota da nata notin a cikin leda. Kuma ka ce masa idan ya yi kilomita 50 zuwa 100 ya dawo mu sake bin notin, ba za mu karɓi ko dala ba.

Tashi ka haɗa jantin nan huɗu ka ɗaure su da igiya, ka sa kwali a tsakaninsu kada su karce, ya ce zai biyo da la'asar ya ɗauka. Ka rubuta masa lambobin a takarda da hannunka, 15, 6J, 4 a kan 100, ET 40 zuwa 45, ka kawo in gani kafin ka ba shi.