Ɗan malam-buɗe-littafi mai kama da kai biyu

Tambaya: Malam, ina da 'yar shukar wake a bayan gida, nan Aboabo a Kumasi. Wani ɗan malam-buɗe-littafi yakan sauka a kan furen, sai in ga kamar kai biyu gare shi. Wasunsu kuma fiffiken baya a yage. Cuta ce?

Amsa: Hajiya, lafiyarsa lau, kuma kansa ɗaya ne. Bisa kwatancinki, wanda masana ke kira Lampides boeticus ne, wake da danginsa ne abincin tsutsarsa. In ya buɗe fiffike faɗinsa kamar santimita 3 ne. Namijin shuɗi ne mai sirkin shunayya, macen ta fi ruwan ƙasa. In ya rufe kuwa, sai ki ga ruwan ƙasa-ƙasa mai ratsin fari, ya saje da busasshen ganye.

Wancan kai na biyu yaudara ce. Ki matsa kusa da safe, kafin rana ta yi zafi ya fara zillo. A ƙarshen kowane fiffiken baya akwai ɗan wutsiya siriri kamar zare, gefensa ɗigo biyu baƙaƙe masu ƙyalli. Yana zaune sai ya riƙa goga fiffiken baya da juna, wutsiyoyin na motsi. Tsuntsu ko ƙadangare, ko ɗan gizo-gizon nan mai tsalle, kai suke hara. Sai su ɗauka ɗigon idanu ne, su kai cafka ta baya, su tashi da guntun fiffike, shi kuma ya tsere ta gaba. Masu yagaggen fiffiken nan galibi waɗanda suka sha da ƙyar ne. Wurin ba ya tofowa, amma suna tashi abinsu.

Tsutsar kuwa cikin fure ko kwanson wake take ɓuya tana ci. Tana da wata kafa a bayanta mai tsattsafo da ruwa mai zaƙi. Tururuwa na zuwa sha, su kuma su kori ƙananan rinar da ke saka ƙwai a jikinta. Eh, tana ɗan ɓarna, amma ni ban ga dalilin fesa magani a 'yar shukar gida ba. Kwanson da kika ga ya huje, ki tsinke shi kawai.

In yara na son ganin dangin malam-buɗe-littafi, ki kai su dajin Bobiri kusa da Kubease, a kan hanyar Accra, inda aka ƙirga iri wajen 400.