Rajista ko Sirri: Amsa ga Wani Mai Walda a Agege

Tambaya: Ni mai walda ne a Agege. Na ƙera wata tukunyar ƙarfe mai fitar da gas na girki daga kashin shanun da nake kwasowa a mayankar Oko-Oba, kuma ina ganin wani haɗi da nake zubawa yana ƙara yawan gas ɗin. Wata biyu kacal na yi ina gwada ta. Wani alhaji ɗan kasuwa a Mile 12 yana son zuba kuɗi, amma ya ce sai ya gani da idonsa. In nemi takardar mallakar ƙirƙira ne, ko in ja bakina in yi shiru?

Amsa: Malam, abubuwa biyu ne a hannunka, tukunya da haɗi, kuma kowanne da irin tsaron da ya dace da shi. Tukunya ba ta ɓoyuwa, domin ranar da ka sayar da guda ɗaya, duk mai walda da ya kwance ta zai iya ƙera irinta, kuma babu dokar da ta hana mutum gano sirrin abin da ya saya da kuɗinsa. Haɗin kuwa yana iya zama a cikinka shekara da shekaru, kamar yadda kamfanin Coca-Cola ya riƙe nasa fiye da shekara 100 ba tare da rajista ba.

Sai dai ka san abin da takardar take bayarwa kafin ka kashe kuɗi. A dokar Najeriya ta 1970, kariyar tana ɗaukar shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma sharaɗinta shi ne ka bayyana aikin dalla-dalla yadda wani masani zai iya maimaita shi. Idan haɗin shi ne ruhin ƙirƙirar, to dole ya shiga cikin bayanin, sirri kuma ya tafi ke nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ofishin rajistar da ke Abuja yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya bincika ko abin sabo ne, balle ko yana aiki. Duk wanda ya ga dama yana iya ƙalubalantar takardar a Babbar Kotun Tarayya, kuma tukunyar gas daga kashin dabbobi tsohuwar fasaha ce a Indiya da Sin, saboda haka sai abin da ka ƙara na kanka ne zai tsaya.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wata biyun nan. A 1989 wasu masana biyu a Jami'ar Utah ta Amurka, Pons da Fleischmann, sun shelanta sabuwar hanyar samar da makamashi, jami'ar ta nemi rajista, amma sauran masana suka kasa samun sakamakon da suka yi iƙirari. Yawan gas yana canzawa da zafin gari da irin abincin da shanu suka ci, don haka ka ajiye tukunya biyu iri ɗaya, ɗaya da haɗi ɗaya babu, ka riƙa auna su kana rubutawa da kwanan wata har damina da rani su zagayo.

Kafin nan, kada ka saka bidiyon aikin a Facebook ko TikTok, domin bayyana shi ga jama'a kafin rajista yana kashe sabuntarsa a idon doka. Alhaji kuma ya gani, amma bayan ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri da lauya ya rubuta, tun da Najeriya ba ta da doka ta musamman kan sirrin sana'a, yarjejeniyar ce babbar madogararka a kotu. Ya ga wuta tana ci, ya ga alƙaluma, haɗin kuwa ka riƙa kawo shi a haɗe daga gida. Idan gwaji ya tabbata, ka tuntuɓi hukumar NOTAP, wadda take taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajista, kuma ka tuna cewa daga ranar shigarwa wata 12 kake da shi na neman kariya a wasu ƙasashe da wannan kwanan watan.