Amsar murya: yadda za ka haɗa rundunar Murabiɗun ka yi mata fenti

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ga saƙonka tun jiya da daddare, aiki ne ya sha kaina. Ka ce ka ga hoton 'yan sojojin nan masu amawali da na sa, kai ma kana so ka haɗa rundunar Berber ta zamanin da don wasan yaƙi na kan tebur, me za ka fara saya, kuma wane launi za ka shafa musu. Abin da yawa, shi ya sa na ce gara in yi murya, wanda ya samu sarari ya mayar da ita rubutu saboda masu lallaɓa data.

Da farko, wanda ya tambaya ko Barebari ne, a'a ranka ya daɗe, ba mutanen Borno ba ne, kada ka jawo mana faɗa da su. Berber su ne Amazig, mutanen Magrib da Sahara, dangin Buzayen da muka sani. Kuma in ka ce Berber kawai ba ka ce komai ba, sai ka zaɓi zamani. Waɗanda ka gani a hotona Murabiɗun ne, Sanhajawan hamadar da yau take Muritaniya, kabilun Lamtuna da Gudala da Massufa, waɗanda Abdullahi bin Yasin ya tara. Su suka gina Marrakesh wajen 1070, Yusuf bin Tashfin ya haye da su Andalus, ya kara da Alfonso na shida, sarkin Kastil, a Zallaƙa, kusa da Badajoz, a 1086, ya ci shi. Muwahhidun ne suka ƙwace Marrakesh daga hannunsu a 1147, su kuma mutanen duwatsun Atlas ne, ba masu rufe fuska ba. Saboda haka in amawalin ne ya burge ka, Murabiɗun kake nema.

To ga inda ni na yi ɓarna, kada ka maimaita. Da na ji an ce mutanen hamada, sai na je na narka kuɗi a kan raƙuma. Raƙumi goma sha biyu na ƙarfe na yi oda, wasu ma suka iso da ƙafa a lanƙwashe, mai sayarwar ya ƙi amsa saƙona. Har yau takwas suna cikin gwangwanin alawa ban taɓa su ba. Ashe ƙarfin rundunar nan a ƙasa yake. Al-Bakri, wani malamin Andalus wanda ya yi rubutu a 1068 suna cikin tasowa, ya ce suna hawa doki da raƙumi, amma yawancin yaƙinsu a ƙafa suke yi, sahu bayan sahu. Sahun gaba na riƙe da dogayen masu, na bayansu da masun jifa, kowane mutum da guda da dama. Akwai mai tuta a gaba, muddin tuta na tsaye suna tsaye, in ya sunkuyar da ita duk su zauna, ba mai motsi. Kuma abokin gaban da ya gudu ba sa bin sa. Ka ga wannan bango ne na mutane, ba sukuwar sallah ba ce. Abin da za ka sa a tebur ke nan.

Girman da na fi ba ka shawara milimita 28, don ido na ganinsa, buroshi na kama shi. Na roba ya fi araha, kuma ya fi sauƙi a awon kaya in za a aiko maka. Kamfanin Fireforge na da kwalin dakarun Berber na roba, kamfanin Gripping Beast na da na Larabawa masu mashi da baka, ana iya haɗa su, a sauya kawuna. Dokokin wasa kuwa, in Lion Rampant za ka bi, maki 24 ake haɗawa, dakaru sha biyu-sha biyu, mahaya shida-shida. Tawa ga ta: rukuni uku na masu mashi, ɗaya na maharba, biyu na mahayan doki marasa nauyi. Mutum 48 a ƙasa, 12 a kan doki. In dokokin SAGA za ka bi ba ka ma buƙatar kaiwa haka. A Lion Rampant, dayis irin na ludo da tef ɗin tela, shi ke nan kayan wasan. Amma don Allah kwali ɗaya za ka fara saya. Ɗaya. Ka gama shi tukuna.

Haɗawa ba wuya. Wanke su da ruwan sabulu, yanke, kankare layin da injin ya bari da reza, manna da gam. Masun roban nan kuwa karyewa suke kamar taliya, ni na cire nawa na sa zaren tsintsiyar roba, na daddanna bakin da filaya na fiƙe shi. Ya lanƙwashe ya dawo, ba ya karyewa.

Yanzu fenti, nan ne maganar take. Wannan runduna, ƙanena, tufa ce da garkuwa. Sulke kaɗan ne, kwalkwali a ƙarƙashin rawani yake in ma akwai, fuska kuma a rufe. Al-Bakri ɗin nan ya ce suna rufe goshi da wani ƙyalle, baki da wani, ido kaɗai ake gani, har in mutum ya faɗi a fagen fama amawalinsa ya zame, 'yan'uwansa ba sa gane shi sai an mayar masa. Waɗanda ba sa rufe baki kuwa suna kiran su bakin ƙuda. To kai riba ce gare ka, ba hanci ba gemu, ɗan tsagin ido ne kawai. Ja launin fata a wurin, ka bi da siririn layi mai duhu, ka wuce. Kada ka ce sai ka ɗiga farin ido, za su fito kamar sun ga aljani. Fatar ma kada ka yi ta iri ɗaya, akwai masu haske akwai wankan tarwaɗa akwai baƙaƙe wuluk, don Yusuf bin Tashfin na da dogarai baƙar fata daga ƙasashen kudu da Sahara. In ka yi nisa, rukuni guda nasu daban yana da kyau ƙwarai.

Shuni kuwa, a nan muka fi Turawan da ke wannan wasa. Da yawa za ka ga sun ɗauko shuɗi mai ƙyalli irin na bokitin roba sun dulmuya runduna gaba ɗaya a ciki. Kai da ka taɓa wucewa ta marinar Kofar Mata ka san ba haka baba yake ba. Ƙyallen da aka tsoma sau biyu daban, wanda ya sha tsomi har ya kusa baƙi daban, wanda rana ta ci ya koɗe ya koma toka-toka daban. Ga kuma turkuɗi irin na Kura, wanda aka buga da kulki har yana sheƙi yana ɗaukar wani ja-ja in haske ya faɗa masa. Yadda nake yi: shuɗi mai duhu ɗigo uku, baƙi ɗigo ɗaya, ɗan ja a bakin buroshi, wannan shi ne ƙasa. In ya bushe sai in ƙara toka kaɗan cikin haɗin, in bi saman ninkin tufa kawai, inda haske zai sauka. Rawanin shugaba da na mai tuta su kaɗai nake wa banish mai ɗan sheƙi, su fito kamar turkuɗi. Sauran duk banish marar ƙyalli. Ba ina ce maka Murabiɗun daga Kura suke sayo rawani ba fa, kada wani ya kai ni gaba, idon da za ka kalli launin da shi nake ba ka.

Kuma ba kowa za ka sa wa shuni ba. Cikin goma sha biyu, ni huɗu nake wa shuɗi, biyar launin saƙi marar rini, sauran ƙasa-ƙasa ko baƙi. Farin nan shi ke kayar da sabon shiga. Kada ka shafa fari fat daga kwalba. Fara da ruwan ƙasa mai haske, hau shi da ruwan madara, farin gaske sai a kan tsinin ninki kawai. Mutumin da ya tako daga Sijilmasa, can bakin Sahara, ba zai iso da riga kamar ta ango ba.

Garkuwa ka ba ta lokaci, don ita ake fara gani daga nesa. Tasu ta fatar mariri ce, wadda Larabawa ke kira lamɗ, har garkuwar ta yi suna da sunan. Fata ce, to ka yi ta kamar fata: ruwan madara mai duhu, gefe ya fi duhu, 'yan tabo nan da can, kada biyu su zama iri ɗaya sak. Garkuwar nan mai kamar zuciya da ake yawan gani a zanen Andalus ta baya ce, bar wa masu rundunar Garnaɗa kayansu. Ka kuma nemi mai tambari ko da ɗaya ne, don gangunan Murabiɗun sun shiga labarin Zallaƙa, kuma yana raya sahu.

Sai matsalar gida. Fentin akirilik irin su Vallejo da ruwa ake sirka shi, kuma da hunturu kafin ka kai buroshi jikin soja ya bushe. Samu robar abinci mai murfi, shimfiɗa soso mai laima, ɗora takardar gashin kek a kai, a nan za ka riƙa ɗiga fenti, zai kai ka har gobe. Fentin feshi na shimfiɗa kuwa kada ka fesa a tsakar gida ranar da ake hazo. Na zo hutu na gwada, ashirin na jera a kan kwali, na dawo na tarar ƙura ta manne musu, jikinsu kamar an barbaɗa gari, kwana biyu ina kankarewa da tsohon buroshin haƙori. Ka fesa da sassafe inda iska ba ta kaɗawa, ka kifa kwali a kansu nan take.

Gindin da suke tsaye a kai ba sai ka sayi komai ba. Farin gam na kafintoci, rairayi da ka tankaɗe da rariya, 'yan tsakuwa biyu. In fagen Andalus kake nufi ƙara busasshiyar ciyawa kaɗan, don Zallaƙa ba tudun yashi ba ce.

Ka fara da mutum shida, ka gama su tsaf har gindi, ka ɗauki hoto a inuwa da rana, ban da filashi, ka turo nan mu gani kafin ka taɓa sauran. Raƙuma kuwa in har zuciyarka ta nace, kada ka saya, ka yi min magana ta gefe, takwas na nan a gwangwani.