Ina ka samo ƙarfen?

Ka ce ka ɗauki fallen ƙarfe mai kaurin mili 10 za ka huda a gida, bakin diril ya yi ta kuka har ya koma shuɗi, ramin ko rabi bai kai ba, kana tambaya ko bakin ne jabu. Yana iya zama jabu, kasuwa cike take da su. Amma ni hannunka na fi zargi. Ku yaran yanzu da kun riƙe diril sai ku danne kunamar har ƙarshe, kuna sauri ku gama ku koma kan waya. Ƙarfe ba katako ba ne. Baki mai faɗin mili 12 a ƙarfen gama-gari juyi 600 zuwa 700 a minti ya ishe shi, alhali diril ɗin hannu in ka sake shi yana haura 2,000. Zafin nan shi ke cinye kaifin, kuma baki in ya yi shuɗi sau da yawa ya riga ya mutu.

To amma kafin maganar gudu, ina ka samo ƙarfen? Wannan tambayar ce ban yi ba wata rana, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ban daɗe da buɗe shagona ba. Da sanyin safiya, cikin hunturun nan na Jos da ƙarfe ke cizon yatsa, wani mutum ya zo da falle biyu a bayan a-kori-kura, an shafe su da jan fenti tas. Wai gindin injin niƙa zai yi, yana son rami 24, kowanne mili 16. Ya rantse ƙarfe ne na gama-gari. Babbar riga, carbi a hannu, ga furfura. Na ji kunyar in gwada kayansa a gabansa, na yanke masa kuɗin aikin yini ɗaya, ban karɓi ko kwabo na kafin alƙalami ba.

Ramin farko ya ci mini baki biyu. Na wasa, na zuba mai, na rage gudu, ƙarfen nan ko gezau, sai wani ɗan gurbi mai sheƙi kamar madubi. Na hau mota zuwa Dilimi na sayo wasu, suka bi sahu. Na je wurin maigidana, wanda ya koya mini aikin nan, na aro bakinsa na kobal, irin mai taurin nan da ke jure zafi, guda biyu da yake ɓoyewa a cikin tsumma. Ɗaya ya karye a rami na biyar. Kwana uku ina abu ɗaya, ga babu wuta, man janareta daga aljihuna. Sai a rana ta uku na yi abin da ya kamata in yi tun minti na farko: na kankare fentin na goga magagari. Santsi kawai ya yi ya wuce, ko ƙwarzane babu. Na taɓa da giranda, tartsatsin ya yi ta fashewa, alamar ƙarfe mai tauri ke nan. Ashe daga bokitin katafila aka yanko shi, irin tarkacen injinan haƙar kuza da ake kwasowa daga wajen Bukuru. Ƙarfen da aka ƙera don ya yi ta karo da dutse, shi nake so in huda da bakin kasuwa.

Da mutumin ya dawo na ce sai an sake ciniki. Ya ɗaga murya a gaban maƙwabta wai ban iya aiki ba, na ɓata masa kaya, ya sa aka loda ƙarfensa ya tafi. Baki 9 na rasa, na biya maigidana nasa, sisi ban gani ba. Daga baya na ji cewa shago biyu sun riga sun mayar masa da aikin kafin ya zo wurina, fentin ma don haka ya shafa. Ya sani sarai. Kuɗin ban damu da su yanzu ba, kalmar "bai iya aiki ba" ce ta tsaya mini a wuya.

Don haka ka fara da magagari. In ya ci, ƙarfen zai hudu. In ya zame, kamar yadda yake yi a sifirin mota, ajiye diril ɗinka. Haka gefen da aka yanka da gas, wuta takan taurara shi, kada ka sa rami daf da wurin.

Sauran ai ba sai na zaunar da kai ba, a buga alama a inda ramin zai zauna, a fara da ƙaramin baki, wannan ko yaron da ya zo jiya ya sani. Abin da za ka lura da shi shi ne abin da ke fitowa daga ramin. In kana ganin ƙarfe yana fitowa a nannaɗe, dogo, fari, to gudu da dannawa sun daidaita. In gari ne ke fitowa, goga kawai kake yi, ƙara danna ka rage gudu, ka riƙa ɗiga mai.

Kuma ka ɗaure fallen a bayis, wato abin matse ƙarfe, ko ka matse shi da teburi. Na san halinku, da ƙafa kuke takawa. Daidai lokacin da bakin zai ɓulla ƙasa yakan cafke, in fallen bai juyo ya sare maka ƙauri ba, diril ɗin zai murɗe maka wuyan hannu. Sassauta dannawa a nan. Gobe ka zo mini da ƙarfen da kuma bakin da ka ƙona, ina so in gan su da idona.